Ƙafafun Walida

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya tashi kafaɗuna, Ya kuma bar mini 'yata. Ba son surutu ya sa na zauna rubuta wannan ba, ko da yake mutanen gidanmu za su ce ƙarya nake yi. Wata ƙanwar ƙawata ce daga Kudan aka ɗaura wa aure, mijin zai tafi da ita ƙasar waje karatu, ta zo mini sallama tana ta washe baki, ta ce in ba ta shawarar abin da za ta sa a jaka. Na ce kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Bayan ta fita na ce wa kaina, Murja, kin cuci yarinyar nan, ainihin abin da ya kamata ta ji ba ki gaya mata ba. To ga shi, ita da duk mai shirin tafiya.

A Hunƙuyi aka haife ni. Mijina, wanda nake ce wa Malam, mutumin Maƙarfi ne, malamin ilmin noma. Shi ya samu ƙarin karatu na shekara uku a wani gari can arewacin Ingila, bakin teku, muka tafi a ƙarshen damina ina da cikin wata biyar. Ranar da za mu tafi har guɗa aka yi mini a tsakar gida. Ni kuwa ana ta addu'a ina ta hura hanci.

Gidan da muka sauka a hawa na biyu yake. Ɗaki biyu, kicin, banɗaki, shi ke nan. Babu zaure, babu katanga, babu tsakar gida. Tagar falon kuma ƙatuwa, tana kallon tagar gidan da ke tsallaken titi. Washegarin zuwanmu ina tsaye da ɗaurin ƙirji ina shara, na ɗaga kai, sai ga wani ƙaton Bature riƙe da kofi yana ɗago mini hannu. Innalillahi! Na ja labule da ƙarfi har sai da ƙarfensa ya yi ƙara. Tun daga ranar labulen nan bai sake matsawa ba.

Kada in ɗauki alhakin Malam, bai taɓa hana ni fita ba. Roƙona ma yake yi. Sau ɗaya na gwada ni kaɗai, na ce bari in sayo albasa. Gidajen duk iri ɗaya, ƙofofin iri ɗaya, ba mai shago a bakin hanya da zan ce a wajensa na yi kwana, ba wanda zan yi wa sallama in tambaya. Na fi awa biyu ina zagaye, ga ciki, ga sanyi yana yankar kunne, ashe sau uku ina wuce ƙofar gidanmu. Daga nan na ce na yafe. Sai ranar Asabar in bi Malam cefane, hijabi har ƙasa, rigar sanyi, safa, safar hannu, ido kawai ke waje.

Lokaci ma rikice mini ya yi. Ba kiran salla, sai waya ta yi ƙara. Da hunturu ya shiga, kina idar da azahar la'asar ta yi, kafin ki ɗora tukunya magariba ta faɗi. In Malam ya tafi makaranta gidan ya yi tsit, sai ƙugin firji. Abin da na ƙirƙiro shi ne in kira yayata Lami, in ce ta ajiye wayar a kan turmi ta ci gaba da aikinta. Ba magana nake so ba. In ji luguden daka, da kukan akuya, da mai tallar rake, da muryar Inna, mahaifiyarmu, tana faɗa an bar mata ƙofar ɗaki a buɗe kaji sun shiga. Sai in kwanta a kan kujera in rufe ido, wani lokaci har katin Lami ya ƙare.

A tsakiyar sanyi na haifi Walida. Sunan surukata ta ci, shi ya sa muke ce mata haka. Wankan jego kuwa, Allah dai Ya karɓa. Butar lantarki na dinga dafawa ina juyewa a bokiti, kafin ta biyar ta tafasa ta farko ta huce. Ba ganyen darbejiya, ba mai zuba mini ruwa a baya. Malam ne ke dama kunun kanwa, duk gudaji, ina sha ina hawaye yana tambayata ko gishiri ne bai ji ba. Ranar da na kunna turaren wuta, ƙararrawar hayaƙi ta ɗauka, duk mutanen benen suka firfito waje.

Akwai wata ma'aikaciyar lafiya da ke zagaya gidajen masu jego, doguwa, mai fara'a, tana cire takalmi a bakin ƙofa ba sai an ce mata ba. Ita ta miƙo mini wata 'yar kwalba, ta ce in riƙa ɗiga wa Walida a baki kullum, ni ma ga ƙwayoyi in riƙa sha. Ta yi bayani, ta bar takarda. Turancina na sakandare ne, nata kuma a hanci yake fita, na dai yi ta gyaɗa kai. Tana fita na kira Inna.

“Me ke damun yarinyar?” in ji Inna.

“Ba komai, Inna, lafiyarta ƙalau.”

“To lafiyayye ake ba magani? Ke kin san abin da suka zuba a ciki? Tara na shayar da ku, wa na ɗiga wa wani abu? Ki ba ta nono, ki rufe ta da kyau kada sanyi ya shige ta.”

Maganar ta zauna mini daram. Na jefa kwalbar da ƙwayoyin cikin akwatin kayan suna, na rufe. Duk zuwan da matar nan za ta yi sai ta tambaya, ni kuma in gyaɗa kai. Malam ma ya taɓa tambaya sau ɗaya yana ɗaure takalmi, na ce ina ba ta. Ban ɗauke shi a ƙarya ba a lokacin. Gani nake yi ina kare 'yata.

Bayan arba'in bayana ya fara. Na ce ɗaukar yarinya ne. Ya sauko ƙugu, ya shiga cinyoyi, ya hau haƙarƙari, har in Walida ta kwanta a ƙirjina sai na cije leɓe. Ciwo ne da ba ka iya nuna shi da yatsa, in an ce ina ne sai ka ce ko'ina. Kafin hunturu na biyu na koma ba na iya tashi daga sujada sai na dafa kujera. Matattakalar benen nan sha huɗu ce, na san adadinta domin a kowace sai na tsaya. Tafiyata ta koma ta agwagwa, ni da ko talatin ban kai ba.

Sai shawarwari suka fara sauka. Inna ta ce, “Ba ki gasu ba ne. Wannan wankan buta ai wasan yara ne, ɗanyen jego ne ke cin ki.” Hajiya surukata ta ce baki ne, duk Maƙarfi ba a da zance sai ɗanta ya tafi Turai da mata, ta sa aka yi rubutu aka jiƙa farin ƙyalle a ciki aka shanya, aka aiko in riƙa jiƙawa ina sha. Yaya Lami ta ce, “Ke dai faɗi gaskiya, gida kike so, ki daina langaɓewa.” Wani ƙanen Malam da ke sayar da magani a Ikara ya ce maleriya ce ta kwanta a jini. Na sha maganin zazzaɓin da na taho da shi, a garin da ban taɓa ganin sauro ba. Inna ta aiko citta da kanumfari da saiwoyi, kuɗin aikowar kaɗai ya ishi Malam tagumi. Kowa na yi nasa, domin kowa in ya yi magana sai in ji kamar shi ne mai gaskiya.

Har wankan jego na sake, wallahi, Walida tana wata goma. Inna ta ce in maimaita arba'in ɗin daga farko. Na yi kwana sha tara, a na ashirin ƙafata ta ƙi ɗaukata, na zame a banɗaki da bokitin ruwan zafi a gefena. Allah ne Ya tsare. A nan Malam ya ce ya isa haka, sai likita.

Ganin likita a can wani karatu ne. Ba a zuwa a bi layi, a waya ake bin layin. Ƙarfe takwas daidai za a kira, a sa maka kiɗa a kunne, in an ɗauka a ce yau ta cika, sai gobe. Kwana huɗu Malam yana yi kafin muka samu, aka ba mu sati biyu gaba. Da muka je, minti goma ne rabonmu. Likitan saurayi ne, idonsa a kan kwamfuta. Ya ce daga ɗaya zuwa goma, nawa ne ciwon? Na dubi Malam na ce, “Shi ciwon mudu gare shi?” Malam ya ce in dai faɗi wani abu. Na ji kunyar in cika baki, na ce biyar.

Sai ya koma wasu tambayoyi. Ina jin daɗin rayuwa? Ina da ƙawaye? Ina yawan kuka? Haba, wa ya aike shi! Tun zuwana ƙasar ba wanda ya tambaye ni haka. Na fashe da kuka a gabansa, har da majina. Ya miƙo mini tishu, ya rubuta farasitamol, ya ce in riƙa shiga mutane.

A hanya Malam ya ce, “Kin ji ko? Likita ma ya ce kewa ce.”

Maganar ta soke ni. Abin da ya fi muni, ni kaina na fara shakka. Ciwo ne ko kewa? Domin in Lami ta ajiye mini waya a kan turmi, sai in ji kamar ya lafa. To ko dai ƙaryar ciwo nake yi ban sani ba? Akwai mai yin ƙarya bai sani ba? In na yunƙura na kasa tashi sai in ce wa kaina, Murja, tashi mana, ba mai kallonki. In sake yunƙurawa in koma. Malam ya fara maganar ko ya maida ni gida in huta. Raina yana so kamar me, kunya kuma tana hana ni, kada a ce 'yar Hunƙuyi an kai ta Turai ta kasa zama.

Ina cikin wannan ne hankalina ya koma kan Walida. Da ta shekara ta fara dafa kujera tana miƙewa, sai kuma ta daina. In an tsayar da ita sai ta tanƙwashe ƙafa ta callara kuka. Kanta kullum jiƙe da gumi ko ana sanyi. Haƙora biyu rak. Wuyan hannunta ya yi kauri kamar an sa mata awarwaro a ƙarƙashin fata. Inna ta ce nauyin ƙafa ne, kawunmu ma sai da ya shekara biyu. Hajiya ta ce a shafa man shanu a riƙa miƙar da ƙafar. Wata safiya, tana wata goma sha huɗu, ina sa mata wando na haɗa ƙafafun. Idon sawu ya haɗu, gwiwoyi suka ƙi. Na dunƙule hannuna na sa a tsakani, ya wuce bai taɓa ko'ina ba. Nawa ciwon na manta da shi, tambaya ɗaya ta rage mini: yarinyar nan za ta taka ƙasa kuwa?

A satin nan muka koma layin waya. Wannan karon wata likita muka samu, ta taɓa wuyan hannun, ta taɓa haƙarƙarin, ba ta yi murmushi ba. Ta ce za ta rubuta wa babban asibiti, mu jira wasiƙa. Sati biyar muna jira. Kullum in na ji an turo takarda ta ramin ƙofa sai in ja gindi in sauka benen, in tarar tallar abinci ce.

A cikin jiran ne na kira Maman Ihsan, wata Bakanuwa da ke wani gari, ita kaɗai ce ƙawata a ƙasar, ita ma a waya muka saba. Na ba ta labari har da na kwalbar. Ta yi salati ta ce, “Murja, ki iya bakinki. Nan ƙasar in suka ce uwa ta yi sakaci, ɗauke yaron suke yi su ba wasu. Ko Malam kada ki gaya wa.” Har yau ban san iyakar gaskiyar maganar ba, ita ma ji ta yi. Amma na kama bakina.

Sati na shida muka je babban asibiti. Likitar yara ce, 'yar dattijuwa gajera mai furfura, da alama asalinta daga ƙasashen Indiya ne. Aka ɗauki hoton wuyan hannun Walida, aka ɗebi jini. Bayan kwana huɗu aka kira mu. Ta ce ƙasusuwan yarinyar sun yi laushi, abin da ke ƙarfafa su babu shi a jininta. Sai ta dube ni.

“Kina ba ta ɗigon nan da aka ba ki?”

Na ce e.

“Kullum?”

“Kullum.”

Malam har da ƙarawa, “Ai tana ƙoƙari sosai, likita.”

Matar ta ɗaure fuska tana juya biro. Ta ce to in ana ba ta kullum kuma babu shi a jini, ke nan jikin ne ba ya karɓa, dole a duba ƙoda da hanta da hanji, a kuma bincika ko gado ne. Malam ya fassara mini, na ji kowace kalma, na yi shiru.

Sati uku aka yi ana neman ciwon da na san babu shi. Ko kuma ban sani ba, domin nan ma kaina ɗaurewa ya yi. Na ce wannan 'yar kwalbar da ba ta kai ɗan yatsa ba, ita za ta lanƙwasa ƙafar mutum? Wataƙila da gaske ƙodar ce, in na yi magana in jawo a ɗauke mini 'ya a banza. Sati na bakwai aka manna mata leda aka tari fitsari, aka shafa mata wani abu mai sanyi a ciki aka duba a talabijin. Na takwas aka sake ɗibar jini. Malam ya rame, karatun ya tsaya. Ya kira Maƙarfi yana tambaya ko a dangi akwai mai irin wannan ƙafar. Hajiya ta ce kaf zuriyarsu ba a taɓa yi ba, a dai bincika Hunƙuyi. Magana ta kai kunnen Inna, Inna ta ce a gaya wa Hajiya su ƙafafunsu kamar tabarya suke. Gida biyu suka daina gaisawa, ni ina zaune a kan akwatin da kwalbar ke ciki.

Sati na tara aka ce jini na uku. Jijiyar ta ɓuya. Suka soka a hannun dama, babu. Hagu, babu. Bayan hannu, babu. Mutum biyu suka danne ta, ni aka ce in riƙe kan. Ta yi kuka har muryar ta dishe, bakin a buɗe ba abin da ke fita, idonta a cikin nawa. Da na ga sun kama ƙafar za su soka, ban san lokacin da na daka tsawa da Hausa ba.

“Ku bari! Ku bari haka nan! Malam, ka ce su bari. Ban taɓa ba ta ba. Ko sau ɗaya. Tana cikin akwati, ko buɗe ta ban yi ba.”

Malam ya tsaya yana kallona kamar bai san ni ba. “Me kika ce?”

Na maimaita. Aka kira likitar. Shi ya fassara, kansa a ƙasa. Ni kuwa na fizge Walida na ƙanƙame, na ja baya har na jingina da bango, ina kallon ƙofa in ga ta inda masu ɗaukar za su shigo. Na riga na yanke cewa sai dai su haɗa da hannuna.

Likitar ta ja kujera ta zauna, ta sauke wani dogon numfashi. Ta ce a duk satin nan ba ta ji labari mai daɗin wannan ba. Na ce wa Malam ya sake tambaya, wataƙila bai ji daidai ba. Ta ce haka ta ce: wanda suke tsoro shi ne mai wuyar magani, wannan kuwa maganinsa yana nan a kanti. Ta faɗi sunan ciwon, rikets, ta faɗi abin da babu, bitamin D. Kalmomin nan biyu ko a kabari aka tashe ni zan faɗe su. Ta ce jiki da kansa yake yin sa in rana ta taɓa fata. Sai ta ƙura mini ido, ta nuna kujera ta ce in zauna, in tashi ba tare da na dafa komai ba. Na miƙa wa Malam yarinyar. Na yunƙura sau uku.

Ta ce, “Ke ma shi ne. Tun yaushe?”

Malam ne ya amsa, a hankali, “Ta fi shekara tana faɗa.”

Rana fa! Ni Murja, rashin rana! Dariya ta kama ni a ofishin nan, ina yi hawaye na zuba. Ni da na tashi ina shanyar barkono da kauɗar tumatir har ƙeyata ta ƙone, ni da duk burina a duniya in yi aure in samu inuwa. Likitar ta ce ranar ƙasarsu rabin shekara ba ta da ƙarfin yin komai ko an fita, baƙar fata kuma ta fi bukatar mai yawa, ga shi ina rufe, ga labule. Uwa in ba ta da bitamin ɗin, nononta ma babu. Ta ce, “A garinku ba kwa fita ne?” Na ce akwai matan da sai su yi wata ba su taka zaure ba, kuma garau suke. Ina faɗa amsar ta zo mini da kanta. A gida, ko matar da ba ta leƙa waje tana da tsakar gida. A nan take wanki, a nan take daka, a nan take wa yaro wanka ta shanya shi a tabarma. Rana tana kanta tun safe ba ta ma sani ba. Ni na kwashi zaman gida irin namu na kai shi gidan da ba shi da sama.

Kwana biyu Malam bai ce mini komai ba sai abin da ya zama dole. Na gwammace ya yi faɗa. A na uku ya zo ya zauna kusa da ni ya ce, “Ƙaryar da kika yi mini ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma ke ma kin yi ta cewa ƙashinki, ina cewa kewa. Kowa ya nemi gafarar Allah.” Ya tashi ya zuge labulen. Baturen tsallake ma ashe ya daɗe da tashi, wata tsohuwa ce a gidan da kyanwarta.

Aka ɗora mu a magani ni da ita. Sati uku haƙarƙarina ya saki. Sati shida na tashi daga sujada ban dafa komai ba, na koma na sake yin wata don in tabbatar. Wata uku na hau benen da Walida a baya. Ita ce ta ɗauki lokaci. Gumin ya tsaya, haƙora suka fito a jere, a wata na biyu ta dafa kujera. Sai a wata na biyar, tana neman shekara biyu, ta saki kujerar ta yi taku uku zuwa wajen ubanta ta faɗa jikinsa. Malam, babban mutum, ya rufe fuska da hula.

Ba wanda ya zo ɗaukar mini 'ya. Doguwar matar nan ce ta ƙara yawan zuwa, ta riƙa cewa in ɗiga a gabanta, kuma ban ga laifinta ba. Ina yi wa dattijuwar likitar nan addu'a har gobe. Amma ina da ƙorafi, kuma sai na faɗa. Da likitan farko ya ɗebi jinina maimakon ya miƙo mini tishu, da an gano tun Walida ba ta fara dafa kujera ba. Kuma da an samu mai gaya mini da Hausa cewa ɗigon nan ba maganin ciwo ba ne, madadin rana ne, da ban kira kowa shawara ba. Sai dai takardar tana nan, ni ce ban ba Malam ya karanta ba. In na fara rabon laifi sai in ga ya zagayo kaina, sai in bari.

Kewar gida kuwa ƙwaya ba ta taɓa ta ba. Ƙashina ya warke, amma har muka gama shekarunmu ina sa Lami ta ajiye waya a kan turmi. Ashe abu biyu ne suka haɗu mini, kowa ya ga ɗaya ya ce shi ke nan.

Don haka ke mai tafiya ƙasar sanyi, in an ba ki ɗigo ki ɗiga, in an ba ki ƙwaya ki sha, in ba ki gane ba ki tambaya har sai kin gane. Kada ki yi wa likita ƙarya, jikin ɗanki ne zai biya. Iyayenmu ba mugunta suke yi ba, abin da suka sani na ƙasarsu ne.

Yanzu mun dawo, muna Maƙarfi. Walida shekararta huɗu. Ƙafar dama ta miƙe sarai. Ta hagu da saura, in tana gudu sai ta ɗan jefa ta gefe. Likitar ta ce mai yiwuwa ta ƙarasa miƙewa kafin ta shekara bakwai, mai yiwuwa kuma sai an yi aiki. Kullum in na yi mata wanka sai na haɗa gwiwoyin na sa yatsu a tsakani. Yanzu biyu ne ke shiga.

Satin da ya wuce muka je Hunƙuyi. Ina zaune da Inna a tabarma, Walida tana bin 'yan tsaki a tsakar gida. Inna ta daɗe tana kallon ƙafar, ta kira ta, ta ɗora ta a cinya tana shafawa tana tofa addu'a. Idonta ya kawo ruwa. Ta ce, “Ni dai da ina kusa da hakan ba ta faru ba. Amma ai kin bi duk abin da na gaya miki, ko Murja?”

Na dubi hannunta a kan ƙafar, duk jijiya.

Na ce, “Na bi, Inna. Duka na bi.”

Ta ce, “To Alhamdulillahi, sauran na Allah ne.”

Inna ba ta karanta boko. Duk wanda ya karanta wannan a cikin danginmu, na haɗa shi da Allah kada ya kai mata.